Kusurwa Uku a Lungun Baba

Ku matso kusa, 'ya'yana, har da ku jikokin da kuka fara wayo, ku ji abin da ya faru daga bakin wadda ta yi shi. Kun tashi kun tarar ana cewa uwarku ta taɓa ɗaukar diga ta rushe bangon gidan mijinta, ta ci mutuncin yayan miji a gaban mahaifinsa. An faɗa a gidan biki, an faɗa a gidan suna, an faɗa ina zaune ana satar kallona. Diga kam na ɗauka, ba zan yi muku ƙarya da furfura a kaina ba. Amma masu ba ku labarin digar sun tsallake abin da ya zo kafinta, kuma da gangan suka tsallake.

Gidanmu na unguwar Kongo Rasha kakanku ne ya gina shi da hannunsa. Ya zo Jos yana saurayi ya shiga haƙar kuza, ya yi lebura har ya zama heluma, wato shugaban leburori, sunan ya bi shi har kabari, kowa Baba Heluma. Ginin ƙasa ne, daga baya aka yi masa rufin kwano. Wanda ya san ginin ƙasa ya san ba shi da kaifi, domin da tafin hannu magini yake shafe kusurwa, ta fito a lanƙwashe kamar bayan ƙwarya. Lokacin da aka kawo ni gidan surukata ta riga mu gidan gaskiya, idon Baba kuma ya fara tafiya. Kafin in yaye ɗan fari ya tafi gaba ɗaya. Amma makanta ba ta zaunar da shi ba. Daga ɗakinsa zai fito ya ratsa wani dogon ɗaki da ke tsakaninsa da tsakar gida, hannun dama a bango, ya ɗauki butarsa a gindin randa, ya zaga bayan gida, ya yi alwala, ya koma. Ba sanda, ba jagora. Ya tsani a riƙe masa hannu fiye da yadda ya tsani miyar da ba gishiri. Har wata baƙar hanya mai sheƙi tafin nasa ya yi a jikin bangon, ya hana ni shafe ta da farar ƙasa. Ni kuwa Allah bai ba ni karatu ba, ɗan yaƙi da jahilcin nan ne kawai, amma ya ba ni kunne. Ina bakin murhu zan ji tafin hannunsa yana shuu, shuu, a bango, in san inda ya kai, in san ko ya kwana lafiya, in san ko yana fushi da wani.

'Ya'yansa maza biyu ne. Babanku tela, mutumin kirki, mai sanyi kamar ruwan randa, wanda in ka taka shi sai ya ce ka yi haƙuri. Sai babba, Yaya Sule, mai manyan motoci biyu, da gidansa na bulo a unguwar Kwararafa. Shekara biyu bayan an raba Filato da Binuwai ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, daga nan baƙi suka yi masa yawa, 'yan kwangila da masu motoci, wasu kuma su ce sai sun zo sun gai da tsoho. Sai kunya ta kama shi, wai manyan mutane suna zama a tabarma cikin ɗakin ƙasa. Ana cikin haka ya kwashe wa wani Bature na wajen kuza kaya zai koma ƙasarsu, Baturen ya bar masa wasu alluna da suka yi ragowa a gidansa. Ban taɓa ganin irinsu ba. Faffaɗa ne, sun fi ƙofa tsawo, cikinsu wani farin abu kamar alli, an manne masa takarda mai kauri ciki da waje. Da su Turawa ke raba ɗaki. Tare da su akwai wasu dogayen ƙarafa sirara masu ƙyalli, an naɗe su gida biyu kamar littafin da aka buɗe rabi, gefensu duk 'yan huji-huji. Rana ɗaya mota ta tsaya a ƙofar gida aka sauke. Yaya ya ce za a yanka dogon ɗakin nan a fitar masa da falon baƙi, a bar wa Baba lungu ta gefe ya riƙa bi. Ba a tambayi mai gidan ba, balle ni da ke share shi.

Wanda aka kira ya yi aikin maƙwabcinmu ne, Pam kafinta, Birom, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi shekaru yana aiki a gidajen ma'aikata a Vom, ya san allunan nan. Ya kafa ginshiƙan katako, ya buga alluna a jiki, cikin kwana uku falo ya fito, lungu ya fito. Sai dai lungun ba a miƙe yake ba, saboda ƙofar falon da Yaya ya ce sai ta fuskanci zaure. Lanƙwasa uku ya yi, kusurwa uku masu tsini suka tsaya a hanyar da Baba ya shekara talatin yana bi ba komai a gabansa. Ranar da za a rufe kusurwoyin ina tankaɗe a bayan taga, duk abin da Pam da Yaya suka faɗa a kunnena.

"Oga, bakin allon nan yana marmashewa, dole a sa masa abu," in ji Pam. "Ƙarfen nan shi ne nasa. Amma ba a barin shi tsirara. In an buga, sai a bi shi da farin kwaɓi a binne shi, ba mai ganinsa."

"A binne? Abin da ya taso daga Ingila za ka binne min a laka?"

"Haka ake yi, oga. Ko kuma, tunda akwai tsoho, in fere katako mai zagayayyen baya in sa. A Vom ko inda ake tatsar shanu ba a barin kusurwa da kaifi."

"Ka ga saniya a gidan nan?"

"A'a, oga."

"To buga ƙarfe. Ka bar shi yana walƙiya, wanda ya shigo ya san an yi aiki."

Babanku yana tsaye, har da 'yar dariyarsa ta rakiya. Aka buga ƙarfe, aka bar shi tsirara, gefen nan mai huji-huji ya ɗan ɗago kamar bakin gwangwanin da aka buɗe da wuƙa. Baƙi suka zo suna shafa shi da yatsa ɗaya suna cewa tubarkalla, Alhaji ya kawo Turai Kongo Rasha.

Abin da ya fara ɓacewa shi ne shuu ɗin nan. Ranar farko na ji Baba ya fito, tafinsa ya hau allo, sai ƙarar ta canja, ta zama kwas-kwas kamar kaza a kan kwali, sai ta tsaya. Shiru mai tsawo. Sannan na ji ya ja ƙafa. Da na kai masa tuwo na ga ya dunƙule hannun dama a cikin riga, ya ci da ƙyar. Na ce Baba mu ga hannun. Ya ce ƙaiƙayi ne. Na ce to mu ga ƙaiƙayin. Yanka ne a gindin yatsu uku, ya ɗaure da tsumma da kansa. Na wanke na sa aidin, na gaya wa babanku. Ya ce Baba zai saba, ai komai sabo ne. Kwana biyu sai na lura fitowar ta ragu. Mutumin da ke fita sau bakwai, sau takwas, ya koma sau uku. Kokon safe ya fara dawowa rabi. Ruwan da nake aje masa a moɗa sai in same shi yadda na bar shi. Na ɗauka ciwo ne, har na dafa masa saiwa. Sai ranar da na tsaya a bakin ƙofarsa na ji yadda harshensa ke mannewa a ganɗa in yana tasbihi, na gane. Tsohon nan ya daina shan ruwa ne don kada fitsari ya tashe shi ya bi lungun. Mutumin da ya yi shugabancin leburori ɗari a cikin rami, yana zaune da ƙishirwa a cikin gidan da ya gina, don a ce ɗansa yana da falo. Ku gaya min ran wa ba zai ɓaci ba.

Na sake yi wa babanku magana yana kan keken ɗinki. Bai ko ɗaga ƙafa daga feda ba.

"Malam, ƙarfen nan zai kashe Baba."

"Ladi, ki iya bakinki. Yaya ne ya sa."

"Yaya a Kwararafa yake kwana."

"To me kike so in yi? In ce masa matata ta ce a cire?"

"Ka ce masa kai ka ce."

Keke ya ci gaba da kuka. Allah ya jiƙan babanku, ban taɓa kwana da yunwa a hannunsa ba, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma tun yana yaro aka koya masa cewa in Yaya ya yi magana ta ƙare, ya kuma riƙe karatun da kyau.

Ranar wata Talata da la'asar abin ya faru. An yi ruwa, garin ya yi sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, Baba ya rufa da bargo har ka ya fito alwala. Don gudun yankan hannu ya daina taɓa bangon, yana ƙirga taku kawai. Ya wuce kusurwa ta farko, ya wuce ta biyu. A ta uku ƙirgar ta ɓace masa da taku ɗaya. Na ji ƙarar daga madafa, ƙwal, sannan na ji ya zube. Na same shi a durƙushe, goshi ya tsage daga gira zuwa tsakiya, jini yana bin gemu yana ɗiga a bargo. Abin da ya fara ce min shi ne kada in gaya wa kowa. Ɗinki huɗu aka yi masa.

Da magariba Yaya ya zo. Na ce a raina yau ƙarfe zai fita. Ya duba goshin, ya yi salati, ya zauna a sabuwar kujerar falonsa, ya yanke hukunci. Baba ya tsufa, yawon nan ya ishe shi. Ran Juma'a bayan masallaci zai zo da mota ya ɗauke shi zuwa Kwararafa. Akwai ɗaki a can baya, za a sa masa katifa, a aje masa bokiti a gefen gado, abinci a kai masa, ruwan alwala a kai masa, ba inda zai sake zuwa balle ya ji ciwo. Ya faɗa da murya mai taushi, irin ta mai yin alheri, kuma na yarda a ransa alherin yake nufi. Ƙarfen da jinin ubansa bai gama bushewa a jikinsa ba kuwa, ko kallonsa bai yi ba. Laifin na goshi ne da ya je ya same shi.

Washegari da hantsi, babanku ya tafi kasuwa sayen zare, na kai wa Baba koko. Yana zaune ya juya fuska bango.

"Ladi."

"Na'am, Baba."

"Kin san gidan Sule?"

"Na sani."

"Ni ban san shi ba. Hannuna bai san shi ba. In aka kai ni can, an kai ni kabari ne da sauran numfashi. Bokiti. Ni za a aje wa bokiti."

Na aje masa kokon a gabansa.

"Leƙa ƙarƙashin gadon nan," ya ce. "Can ƙurya. Akwai wata tsohuwar abokiyar aikina."

Diga ce, ƙarama, ƙotarta ta yi baƙi da gumin shekaru. Na jawo ta na tsaya riƙe da ita.

"Baba, me zan yi da ita?"

"Ni makaho ne, ban ga kin ɗauki komai ba. Amma gidan nan nawa ne, ban kuma sayar wa kowa ba."

To kun ji inda digar ta fito. Na ɗaure zani, na sa bakinta a ƙarƙashin ƙarfen farko na danna. Ƙusoshin suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya suna ƙara kamar ƙofar da ba mai. Na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. A na uku, wanda ya sha jinin, hannuna ya yi nauyi, na haɗa da bakin allon, wani yanki kamar faɗin faifai ya ɓalle ya faɗi, farin gari ya tashi. Wannan shi ne rushe bangon da kuke ji. Faɗin faifai. Na tattara ƙarafan uku na jingina su a zaure, na leƙa ta katanga na kira Pam.

Da ya shigo ya ga aikin, ya cire hula ya sosa kai.

"Madam, ka kashe ni. Oga zai ce ni ne."

"Ka ce ni ce. Yanzu dai ga baki a buɗe yana zuba. Za ka bar shi haka?"

"Ba a barin shi haka."

"To wancan na shanun da ka faɗa, shi nake so."

Ya dube ni, ya gane ashe ina bayan taga ranar, ya yi dariya har da tari. Kafin azahar ya dawo da abu uku a hannu, ya ce a zaɓa. Akwai gwangwala da ya tsaga biyu, akwai bututun roba na ruwa da ya yanka a tsaye, akwai guntun katako da ya fere bayansa ya zagaye. Ya miƙo min. Na ce ba ni zan bi lungun ba, mu je wurin mai bi. Muka zube su a cinyar Baba. Ya ɗauki gwangwala ya shafa sau biyu ya aje, ya ce wannan in rani ya yi za ta tsage ta riƙa sakin tsinke, an gudu daga wuƙa an faɗa kan allura. Ya ɗauki roba ya matsa ta, ya ce ba ta da gaskiya, in mutum ya jingina za ta kauce. Pam ya ce ko fenti ma ba ta riƙewa. Katakon ya daɗe a hannunsa. Ya shinshina.

"Maɗaci ne."

"Maɗaci ne, Baba. Tsohon dogaran ƙofa, ya bushe tun kafin a haifi madam."

"Ya yi siriri. Wannan sandar makiyayi ce. Ka yi min kaurin ƙotar fartanya, yadda zai cika tafi, hannu ya san ya iso kwana tun kafin ƙafa ta iso."

Rabona da jin muryar heluma a bakinsa tun kafin a sauke allunan nan.

Kwana biyu muka yi a kai, Laraba da Alhamis. Babanku ya dawo ya tarar, ya tsaya ya duba, ya duba ni, ya wuce kan kekensa. Bai hana ba, bai sa hannu ba. A wurin Pam na koyi cewa zagayayyen katako ba ya zama a kan kusurwar da allunanta suka haɗu baki da baki. Sai an rage kowane allo kamar faɗin yatsa biyu, ginshiƙin da ke ciki ya bayyana, sannan katakon ya kwanta a gurbin ya yi daidai da fuskar bango, ba tudu ba rami. Ya ja layi da zare, ya bi da wuƙa a hankali saboda allon ba ya son zarto mai manyan haƙora. Inda na ɓalle ya yanka murabba'i ya sa wani guntu. Ya fere maɗaci uku, ya goge da samfefa har suna santsi. Wajen bugawa ya ce kowace ƙusa sai ta shiga ginshiƙi, in ta shiga allo kawai banza ce. Ina riƙe masa ƙasan katakon yana bugawa, sai na ji wata ta yi ƙara daban, fof maimakon ƙum.

"Wannan ba ta kama ba."

"Ya kama, madam. Shekara ashirin ina wannan aiki."

"Ja ta ka gani."

Ya ja da yatsa biyu ta fito. Ginshiƙin ne ya ɗan karkace a wurin. Daga ɗaki Baba ya ce shi ma ya ji, yana jira ne ya ga ko kafintan zai yi gardama da mace. Pam ya ce gidan nan ba wurin cin abinci ba ne, kowa sufeto.

Ya nutsar da kan kowace ƙusa cikin katako. Sauran aikin nawa ne, domin yaɓe da shafe ɗaki aikin mata ne tun a gidanmu, uwata ta koya min. Na jiƙa ƙaro ya kwana, na kwaɓa da farar ƙasa da aka tankaɗe sau biyu, na cike ramukan ƙusa, na bi inda katako ya haɗu da allo ina shafawa da tafi, ina janye kwaɓin waje-waje har ya ɓace a jikin bango. Na bari ya sha iska, na sake bi, sau uku. Ina gamawa sai in rufe ido in bi da hannu tun daga sama har ƙasa. Duk inda na ji ko da ƙwayar gero ce, in koma. Yatsuna sun yi kwana huɗu suna zafi.

Ran Juma'a na yi wa Baba wankin rigarsa, ban haɗa masa kaya ba. Bayan masallaci na ji tsayuwar fijo. Yaya ya shigo da sallama, ya ci karo da ƙarafansa a zaure. Na ji takunsa ya tsaya, sannan ya yi sauri. Ina bayan labule.

"Wa ya taɓa min aiki?"

Babanku yana tsaye a gabansa. Na ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, uku. Ina jira ya ce ni ne, ko ya ce mu ne, ko ma ya ce Baba ne. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin hula.

"Ni ce, Yaya," na ce daga inda nake.

Bai juyo ba. Da babanku ya ci gaba da magana, kamar labulen ne ya yi tari.

"Ka ji ko? Matar da ka aje ta fi ƙarfinka, yanzu ta haura kaina. Abin da na kawo don a rufa wa gidan nan asiri, ta sa an tuge an manna itacen girki. Ɗauko min Baba mu tafi, kafin ta rushe ɗakin a kansa."

"Sule." Baba ne daga ɗaki. "Bari in yi alwala tukuna."

"Za a kawo maka ruwa, Baba."

"Ban ce a kawo ba."

Sai ga shi a bakin ƙofa, filasta a goshi. Yaya ya miƙa hannu zai kama shi, ya kaɗe. Ya ɗora tafi a bango. Shuu. Ya iso kusurwa ta farko, hannun ya zagaye ta ba tare da ya tsaya ba. Ta biyu haka. A ta uku ya ɗan dakata, ya shafa ta sama da ƙasa kamar mai duba wuyan doki, ya wuce. Muna tsaye mu uku muna jin ya ɗauki buta, ya zaga, ya dawo ya yi alwala a tsanake. Sannan ya buɗe randa ya cika moɗa ya shanye, ya sake cikawa ya shanye, muna jin maƙogwaronsa. Ya biyo lungu ya dawo, ya tsaya daidai inda Yaya yake.

"Na gode da mota. Ka gai da mutan gida."

"Baba, ai mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Digar tawa ce, ni na ba ta. Katakon ni na zaɓa. In akwai wanda ya taɓa maka aiki, ga shi a gabanka."

Yaya ya kwashi ƙarafansa uku ya sa a bayan mota. Bai sake zama a falon ba, daga baya nan kuka riƙa yin karatun allo.

Baba ya ƙara shekara huɗu a gidansa, yana fita sau bakwai, sau takwas, har kwana biyu kafin rasuwarsa da ƙafarsa ya je bayan gida. Ba wanda ya taɓa aje masa bokiti. Wannan na samu, kuma ba na musayarsa da komai. Abin da na biya kuwa kun gan shi da idonku ko da ba ku san tushensa ba. Da Yaya ya koma Kwararafa bai iya cewa ubansa ne ya ƙi shi a gaban ƙaninsa ba, wa zai iya faɗin haka? Sai ya ce matar ƙanina ce. Maganar Baba ta ƙarshe ya bar ta a lungun, ya tafi da diga kaɗai. Tun daga ranar bai sake cin abincin da na dafa ba. Ranar sadakar bakwai ɗin Baba, tuwona ya dawo daga gaban Yaya a rufe yadda aka kai. Matan dangi suka sa min suna Mai Diga, a bikin 'yar Yaya aka raba anko aka tsallake ni. Babanku yana nan ranar Juma'ar nan, ya ji komai da kunnensa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni. In na tayar da zancen sai ya ce, Ladi, Allah ya sani ai. Na ce Allah ya sani, amma ba shi ke raba anko ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗa a gaban mutane ba. Na yafe masa, sai dai yafewa daban, mantuwa daban. Abin haushin ma, baƙin da suka riƙa zuwa daga baya sai su shafa kusurwar su ce kai, wannan aikin Alhaji Sule ya yi hankali, ya tuna da tsoho. Wasu har aika kafintocinsu suka yi su zo su gani.

Da ƙaramar sallar nan babban yayanku ya zo ya zauna a gabana yana murza hula, sak ubansa. Ya ce Yaya Sule ya kwanta, jiki ya yi nisa, ya kamata in shirya a kai ni in ba shi haƙuri a rabu lafiya, ai ni ce ƙarama. Zuwa zan je. Zan gaishe shi, in yi masa addu'a, in ya karɓi kunu daga hannuna in dama masa, don ɗan Baba ne kuma jininku ne. Amma haƙuri ana bayar da shi ne a kan abu, mutum ya ce na yi kaza, da ban yi ba. To ga labarin nan gaba ɗaya na shimfiɗa muku. Ku duba shi daga farko har ƙarshe ku nuna min: wanne ne a ciki zan durƙusa in ce da ban yi ba?